Rariyar Baffa Mudi

Ƙarfe ɗaya da minti talatin da biyar na rana, wata Lahadi a watan Afrilu, Nuhu ya danna ƙararrawar gidan Baffa Mudi a Upper Marlboro, nan Amurka, kuma daga nan komai ya fara lalacewa. Ba agogo nake dubawa ba. Lokacin da ake fara wasan besbol ke nan ran Lahadi, kuma duk wanda ya san Baffa ya san ba a taɓa masa ƙararrawa a irin wannan lokaci. Har maƙwabtanmu Turawa sun sani.

Ku da kuka zauna da shi kun san halinsa. Waɗanda ba su taɓa kallon wasan ba kuwa, ga yadda yake: ƙungiya ɗaya tana dukan ƙwallo da gora, ɗayar ta bazu a fili da manyan safar hannu na fata tana cafkewa, sannan su yi musanya. Duk Amurka dukan ƙwallon take zuwa kallo. Shi kuwa Baffa, da zarar ƙungiyar garinmu ta ɗauki gora sai ya miƙe. Ya je ya haɗa shayi, ya sabunta alwala, ya leƙa yakuwarsa a bayan gida. In suka koma cafka, sai ya dawo ya jawo kujera gaban talabijin, kuma daga nan ba mai ko tari.

“Duka?” yakan ce da muryar nan tasa da ya yi shekaru yana karanta labarai da ita a rediyo. “Ko mahaukaci ka miƙa wa gora zai yi duka. Ku nuna min hannu!”

Ni ’yar ƙaninsa ce, ina zaune a gidansa ina karatun digiri na biyu. Da na gaya wa babana a Zariya cewa akwai mai nemana, Nuhu, wani injiniya ɗan Gusau da ke aiki a Beltsville, amsarsa ɗaya ce: maganar aurena tana hannun yayansa. In Baffa ya ce an ba shi, an ba shi. In bai ce ba, kada ma in ƙara kiransa a kan batun.

Na gaya wa Nuhu ya zo bayan la’asar. Amma yana da abokai, ba wanda ya taɓa yin aure a cikinsu, kuma kowannensu malami ne a kan yadda ake neman aure. Su suka ce masa ya zo da wuri don a ga ladabinsa. Su ne kuma suka zaunar da shi suka sa ya haddace besbol a mako guda, kamar mai shirin jarrabawa.

Ya shigo da babbar riga da hula, yana ta ƙamshi. Ya yi abin da kowane ɗan mutunci zai yi: ya je gaban Baffa ya durƙusa. Gaban Baffa kuwa shi ne gaban talabijin. Babbar rigar nan ta baje ta rufe komai.

“Barka da yini, Baffa. An yini lafiya? Ya gida? Ya iyali? Ya ƙarfin jiki?”

“Lafiya, lafiya, lafiya. Matsa!”

“Ya muka ji da sanyin nan da ya ƙi tafiya?”

Daga bayan rigar muka ji ’yan kallo sun yi “ooo”, irin wadda ake yi in wani ya ba da kunya. Baffa ya leƙa ta dama, ya leƙa ta hagu, bai ga komai ba.

“Ya yar, ko? Ma’u, Rariya ne ya yar?”

Na ce shi ne.

“Kuma ban gani ba! Wace ƙafa ya sa gaba?”

Ban sani ba. Ya dubi Nuhu kamar shi ya yar da ƙwallon.

A shekarar, ƙungiyar ta sayar da duk manyan ’yan wasanta ta tara yara. Su suna kiran abin sake gini, Baffa yana kiransa gwanjo. Cikin yaran akwai wani sabon shiga da aka ajiye a tsakiyar fili, inda ƙwallo ya fi bi. In ya riƙe gora sai dai a nemo wani ƙwallon, amma in aka bugo masa, sai ya bi ta tsakanin ƙafafunsa ya wuce abinsa. Shi Baffa ya raɗa wa Rariya.

Da ƙungiyarmu ta koma duka, Baffa ya miƙe zuwa shayinsa. Bai kai kicin ba Rariya ya maka ƙwallo ya tsallake katanga. Nuhu ya ga dama ta samu.

“Kai, Baffa, yaron nan gwani ne! Irinsa ƙungiyar nan take buƙata. A samo biyu kamarsa an gama gini.”

Baffa ya tsaya da kofi a hannu.

“Biyu?”

“Ko uku ma.”

“Rabi!” ya ƙwala wa matarsa kira. “Fito ki ga injiniyan da zai ɗora bene a kan rariya uku!”

Da Nuhu ya tafi, Inna Rabi ta tambaye shi yadda ya ga yaron. Ya ce, “Rigarsa tana da faɗi.” Iyakar abin da muka samu ke nan.

Kun kuma san ɗayar ɗabi’ar tasa, ta jifa. Baffa ba ya miƙa wa mutum abu. Makulli ne, lemo ne, dabino ne, sai dai ka ji “Cafke!” abin yana kan hanya. Yana cewa a nan ake gane tarbiyya. Amininsa Malam Isufu, mutumin Damagaram da ke Takoma Park, har ya saba shigowa gidan da tafin hannu a buɗe. Liman kansa an taɓa jefa masa tuffa ranar Sallah, ya cafke da hannu ɗaya, kuma tun daga ranar Baffa bai ƙara kushe huɗubarsa ba.

Zuwan Nuhu na biyu, ina ta addu’a a raina. Sun gaisa lafiya, a gefe ya durƙusa. Sai Baffa ya ɗauki lemo a kwando.

“Cafke!”

Nuhu ya sunkuyar da kai. Lemon ya wuce ta saman hularsa ya sami kabad ɗin Inna Rabi, inda take jera kofunan da ba a taɓa shan komai da su ba. Biyu suka tafi.

“Ya kauce!” Baffa ya tafa hannu. “Isufu, ka gani? Rariya ma yana miƙa hannu kafin ya yar. Wannan kaucewa ya yi!”

“Alhaji, mutum ai yana kare fuskarsa,” in ji Malam Isufu. “Ango ne gobe.”

“Angon wa?”

Inna Rabi tana tsince fasassun kofuna ta ce, “Wanda ya yi jifan dai ba a tambayarsa.”

“Jifan daidai yake. Ƙirji na saita.”

A watan Yuni Baffa ya ce zai kai Nuhu filin wasa, ni da Malam Isufu mu raka su. Na ɗauka alamar alheri ce. Muka isa tun ba a buɗe ƙofa ba, don ya ga ’yan wasa suna motsa jiki. Kujerunmu su ne na can ƙoli, kusa da tsuntsaye. Ya ce ba rowa ba ce, daga sama ake ganin ƙafa. Malam Isufu, wanda bai yarda akwai wani wasa a duniya bayan ƙwallon ƙafa da kokawa ba, ya ce shi a ganinsa ƙungiyar ta sayo ƙato ɗaya mai duka a huta.

“Ƙato!” in ji Baffa. “Gidan da ba ƙofa kake saya wa labule. Masu jefa wa mai gora ƙwallo muke buƙata, da mutum ɗaya mai hannu a tsakiya. Ɗaya tak! Ba wannan abin tankaɗen ba.”

Kamar ya ji, Rariya ya yar da ƙwallo mai sauƙi. Wani Bature mai jan wuya a gabanmu ya miƙe yana ihu a mayar da yaron ƙaramar ƙungiya, a kore shi, ba shi da amfani. Nuhu ya tuna abin da ya same shi a Afrilu, sai ya yi maza ya gyara.

“Gaskiyarsa ne, Baffa. A kore shi kawai.”

Baffa bai ko dube shi ba tukuna. Ya taɓa kafaɗar Baturen, ya buɗe Turancinsa na rediyo, ya yi masa lacca. Ya tambaye shi shekarunsa nawa yana kallon wasa bai san yaron ya kai ga ƙwallon da wani ba zai ma taɓa ba. Ya ce masa mai yarwa ya fi wanda bai iso wurin ba, hannu ana koya masa, ƙafa kuwa ba a saye. Baturen ya zauna yana ba da haƙuri, bai san laifin me ya yi ba. Sannan Baffa ya juyo.

“Kai kuma, a Afrilu gwani ne, a samo uku. Yau a kore shi. Wane ne ya ce a kore shi?”

“Baffa, ai ku kuke cewa…”

“Ni na zage shi. Rariyata ce! Na ce a yar da ita? Kai ra’ayinka a ina kake ajiye shi, a mota?”

A hanyarmu ta dawowa gida Malam Isufu ya ce kilishin da muka yi guzuri ya yi daɗi.

Abin dariya ne yanzu. A lokacin ba na dariya. An yi wa Nuhu tayin aiki a Texas, yana ta jan su. Mahaifiyarsa a Gusau ta fara cewa in mutanen nan ba sa so su faɗa, ’yan mata ba su ƙare ba. Ni kuwa mutum ce da ko a aji sai na shirya tambaya a raina kafin in ɗaga hannu. Na yi kwanaki ina shirya tawa. Na jira ƙungiyarmu ta ɗauki gora, na bi Baffa bayan gida inda yake ba yakuwa ruwa.

“Baffa, dama maganar Nuhu ce. Mutanensa suna jira.”

“Malama Ma’u, wane wata muke?”

“Agusta.”

“Ba a yanke wa sabon shiga hukunci a Agusta. Riƙe min tiyo, sun kusa komawa cafka.”

Na tsaya riƙe da tiyo ina kuka, ina ba yakuwa ruwa.

A watan Satumba zuciyarsa ta kwantar da shi a asibiti. Rigimarsa ta farko da ma’aikatan jinya a kan tashar talabijin ce, kuma shi ya yi nasara. Wata Lahadi da rana Nuhu ya zo dubiya. Ya tsaya a bakin ƙofa da ledar ayaba, ya jira har aka gama cafka. Sannan ya shigo ya gaishe shi a taƙaice.

“To, injiniya,” in ji Baffa, muryar ta yi ƙasa amma ba ta yi laushi ba. “Yau me ƙungiyar take buƙata? Uku ko kora?”

Nuhu ya ajiye ledar ayabar.

“Baffa, wallahi ni ban gane wasan nan ba. Na yi ƙoƙari. Mutane su tsaya cikin rana yini guda suna tofar da yawu, ni bai taɓa burge ni ba. Ma’u nake so, ba besbol ba.”

Na so ƙasa ta tsage in shige. Inna Rabi ta ja mayafi ta rufe baki.

Baffa ya ɗaga hannun da aka sa wa ƙarin ruwa. “Alhamdu lillahi! Tun Afrilu nake jiran yaron nan ya faɗi magana ɗaya tasa. Jahilci ne tsantsa, amma nasa ne.”

“To Baffa, maganar tamu…”

“Shiru. Sun koma fili.”

Aka bugo wa Rariya ƙwallo, ya yi tsalle ya cafke. Baffa ya yi tsaki. “Sa’a ce.”

Bai kai Juma’a ba.

Kun zo jana’iza, kun ga yadda gidan ya cika har kan ciyawa. Kowa da labarin abin da Baffa ya taɓa jefa masa. Ni ina karɓar gaisuwa, ina jin kunyar abin da ke raina, domin mutum ya rasu ni kuma ina tunanin ya tafi da amsata. Babana ba zai ƙetare maganar yayansa ba, kuma yayan bai yi magana ba. Nuhu yana waje yana naɗe kujeru, ba mu iya ko haɗa ido.

Sai bayan sadakar uku, mutane sun watse, ni da Inna Rabi muna wanke manyan tukwane, na samu bakin tambaya.

“Inna, bai taɓa ce miki komai ba? A kan Nuhu?”

Ta ajiye soso ta dube ni, idanunta jajur, sai kuma dariya ta ƙwace mata.

“Au, babanki bai gaya miki ba? Shi ma tsoronsa yake ji har yanzu! Tun watan Mayu Baffanki ya kira Zariya ya ce ya ba Nuhu. Ya ce yaron ba shi da hannu amma yana dawowa. Sai ya rantsar da mu kada wanda ya gaya muku, wai in kuka ji za ku sa rana a tsakiyar kakar wasa, ranar Lahadi, ya rasa abin yi. Wai a bari sai Nuwamba in an rufe fili, ya ɗaura miki aure hankalinsa kwance. Har shaddar da zai sa ya ba tela.” Ta share ido da bayan hannu. “Kin ga mutumin da na yi zama da shi. Allah Ya jiƙan Mudi, Ya yafe masa taurin kansa, Ya haskaka masa kabarinsa, Ya sa ya huta. Je ki kira yaron nan ya shigo ya ci abinci.”