Gwiwar Jar Karyarmu

Mijina ɗan farauta ne tun kafin ya aure ni. Na san haka na shigo, saboda haka ba ni da bakin ƙorafi, ko da yake hakan bai taɓa hana ni yi ba. Da damina manomi ne, yana da 'yar gona a bayan gari, can inda masu yanka fulotai ba su kai ba tukuna. Da zarar an kawar da amfani, ciyawa ta bushe, sai ya sauko da addarsa da kerensa, wato sandar jifa mai lanƙwasa, ya bi 'yan'uwansa daji. Ni kuwa ina gida a unguwar Hashimi da keken ɗinkina, ina jira in ga ko zomo za a shigo mini da shi ko gajiya zalla.

Karnuka sun shigo gidanmu sun fita, amma jar karyar nan daban ce. Siririya ce mai dogon baki, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, ba ta da wani kyan da za a nuna wa baƙo. Hanci gare ta. Idon maigida ya fara rauni a lokacin, abin da ya ɗan yi nisa dishi-dishi yake ganinsa, ita ce take gani masa. Ya sha faɗa mini cewa daga ita ya rufe, ba shi da sauran ƙafar da zai hori ɗan kwikwiyo tun daga farko. Na kuwa san wanda nake aure. Ranar da ya rataye keren nan, ranar zai fara tsufa da gaske.

Tsakanina da ita akwai yarjejeniya. Ba ta taka ƙofar kicin, ba ta raɓar randa da butoci, ni kuma ba na hana ta ƙanzo. Haka muka zauna shekaru, ba mu taɓa faɗa ba, ba mu kuma taɓa shiri ba.

Farkon wani rani ya shigo da ita a kafaɗa. Ta bi gyazbi, ƙaton ɓeran dajin nan, cikin duwatsun bakin rafi, ƙafarta ta baya ta faɗa tsaga daidai lokacin da ta juya, ta yi ƙara ɗaya ta zube. Babu jini, babu wani kumburin a zo a gani. Ya lalube ƙashin daga sama har ƙasa ya ce ba karaya, targaɗe ne, ya shiga yi mata gashi da ruwan zafi yana shafa man kaɗe. Makonni suka wuce ba ta taka ba. Yatsu kawai take ɗosanawa a ƙasa, in za ta zauna sai ta watsar da ƙafar gefe, cinyar kuma ta fara shanyewa.

Abokan farautarsa suka fara ba shi shawara a zaure, ina jin su daga tsakar gida. Akwai masu yawo suna sayen karnukan da suka gaza, kowa ya san inda ake kai su. Daga ranar tuwonsa ya riƙa dawowa rabi. Daga baya wani ya yi masa kwatancen wata likitar dabbobi a Madalla, 'yar kudu, wadda ke duba kajin gona da karnukan ma'aikatan Abuja. Ya ɗauki karyar ya tafi shi kaɗai.

Da ya dawo ko sallamar kirki bai yi ba. Ya sauke ta a inuwa, ya zauna a kan turmi.

"Maigida, me aka ce?"

"Shi ke nan. Jijiya ta tsinke, in ji ta. Jijiyar gwiwa."

Sai da ya yi mini bayani na fahimci abin da ya karya masa zuciya. A daji, in ɗan farauta ya cim ma babban nama, agara yake sara, wato kakkaurar jijiyar nan da ke bayan ƙafa, saman wurin da ƙafar dabba ke lanƙwasawa baya. Dabbar da aka sare wa agara ba ta ƙara tashi, sai wuƙa. Shi kuma wannan lanƙwasar ita yake kira gwiwa tun yana yaro. Da ya ji jijiya, ya ji gwiwa, sai ya haɗa lissafinsa ya yi wa matar godiya ya fito, tana ta magana bai tsaya ba.

Na ce, "Wace jijiyar? Wadda ake nema a hannu a yi allura jijiya ce. Wadda ke maƙale maka a haƙori in ka ci tsire jijiya ce. Ita ta ce maka agara?"

"Jijiya dai ta ce, Maman yara."

"Kai kuma ka gudo."

Ya harare ni, na harare shi. Washegari na rufe keke, na yafa mayafi, muka koma tare. Mai keke Napep ɗin da ya ɗauke mu sai leƙen madubi yake, ga mace da mijinta ga karya a kwando tsakanin ƙafafunsu, har muka isa Madalla.

Likitar gajeriya ce mai fara'a, Hausarta ta kasuwa ce, namiji da mace duk ɗaya ne a bakinta. Tana ganin maigida ta tafa hannu.

"Baba, jiya ka gudu! Ina magana, you just waka."

Ta kwantar da karyar a tebur, ta kama wurin da maigida ke kira gwiwa ta ce wannan diddige ne, agarar kuwa lafiyarta ƙalau, ya taɓa ya ji. Sannan ta kai hannunta can sama, kusa da ciki. Nan gwiwar kare take. Ta riƙe ƙashin cinya da hannu ɗaya, ta tura na ƙwauri da ɗayan, sai ga shi yana zamewa gaba yana dawowa kamar durowar kekena. Ta ce a cikin gaɓar akwai wata 'yar gajeriyar jijiya da ke hana wannan zamewa, ita ce ta tsinke, kuma ba ta haɗewa da kanta. Maigida ya ɗora yatsunsa ya ji motsin. Mutumin da ya feɗe namun daji ba iyaka, ya tsaya yana kallon gwiwar kamar yau ya fara ganinta.

Ba ta ɓoye mana komai ba. Ana iya barin karyar haka, da hutu za ta riƙa tafiya da ɗingishi. Akwai aikin da ake yanka ƙashi a sa ƙarfe, amma sai a babban asibiti mai nisa. Wanda ita take yi shi ne a buɗe gwiwar a ɗaure ta da zaren nailan mai kauri, ya riƙe gaɓar har nama ya yi tauri a kewaye ya karɓi aikin. Ga kare mara nauyi irin wannan, in ji ta, zaren ya isa. Ta ce ba za ta yi alkawarin gudu irin na da ba, kuma wata rana ɗaya gwiwar ma tana iya tsinkewa.

Maigida ya tambaya ko za ta farka daga allurar barci. Ta ce da yardar Allah. Ya sake tambaya, in an bar ta fa?

"Zai yi yawo a gida, Baba. Amma daji, no."

"Amma aikin ba shi ne wahala ba," ta ƙara, tana kallona ni. "Wata kamar uku, ba gudu, ba tsalle. Tsalle ɗaya kafin lokaci, zare ya tsinke, mun koma baya. Wa zai tsare shi?"

Maigida ma ya juyo ya kalle ni. Na ce kada wanda ya kalle ni, ni ɗinki nake yi, ba renon kare ba. Amma na ce a ba ni zaren in gani. Na naɗa shi a yatsa na ja iya ƙarfina, sai da ya yi mini shaida a fata bai ko miƙe ba. Na dubi mijina, na ga yadda yake shafa kunnen karyar nan, tausayinsa ya kama ni har cikin ƙirji.

Na ce, "In ka yarda a yi, zan tsare ta."

Ya ce, "A yi."

Ta farka. Aka dawo mana da ita ƙafa a aske, da layin ɗinki wanda ni kaina na yaba, da wani mazurari na roba a wuya don kada ta lashi wurin. Matan maƙwabta suka yi ta shigowa kallo suna dariya, wai karyar gidan mai ɗinki ta sa hula. Maigida ya haɗa mata ɗan keji na katako a ƙarƙashin rumfa, dab da kekena. Safe da yamma ina zura leda a hannu, in zagaya tsohon zani ta ƙarƙashin cikinta in ɗan ɗage ta, mu taka a hankali zuwa bayan gida mu dawo, sannan in wanke hannu da ƙasa da sabulu. Ba ta taɓa yi mini gurnani ba. In ina taka keke sai ta ɗora haɓa a kan katako tana bin ƙafata da ido.

Abin da duk muka manta shi ne ƙaho. Ƙofar gidanmu ce matattarar 'yan farautar unguwa tun zamanin surukina. Kowace Asabar ta rani, da hantsi, babbansu, wani dattijo mai farin gemu da ya girmi mahaifina, yakan tsaya a nan ya busa ƙaho, mutane da karnuka su taru a kama hanya. Asabar ta farko bayan aikin, ina tsaka da yanka yadi, ƙahon ya tashi.

Kafin in ajiye almakashi karyar ta miƙe a kan ƙafafun baya, tana dukan rufin kejin da kai, tana wani irin kuka da ban taɓa ji ba. Ban nemi leda ba. Na faɗa kanta na danne ta da ƙirjina har busar ta tsaya. Sannan na fizgi mayafi na yi waje, abin da ban taɓa yi ba in maza sun taru.

"Baba, ina kwana. Don Allah ƙahon nan zai warware mana aiki."

Maigida ya sunkuyar da kai don kunya. Dattijon ya dube ni ya ce, "'Yata, tun ina bin ubana ba a taɓa shiga daji ba a busa ba, kuma daga ƙofar nan ake busawa."

"Na sani, Baba. Ita ma ta sani, shi ya sa take neman karya kanta."

Ya shigo har rumfa, ya tsuguna ya daɗe yana kallon ɗinkin. Sannan ya tura ƙahon a jaka ya fita. Likita ta duba daga baya ta ce zaren yana nan, na yi hamdala a bayyane.

Asabar ta gaba suka koma can wajen unguwar Wambai suka busa. Ni ban ji komai ba, amma ita ta ji, ta tashi tsaye sai da na riƙe ta. Na aika maigida ya faɗa wa dattijon. Daga ranar har ƙarshen ranin ba a sake busa ƙaho a cikin gari ba, sai sun haye rafi. Manyan maza da adduna suna ratsa unguwa shiru, suna yi wa karnukansu tsawa da raɗa. Maigida kuwa tun ranar Juma'a yake kai kerensa gidan maƙwabci, da safe ya zura riga mai kyau ya fita kamar mai zuwa ɗaurin aure, don kada ta gane. Ta gane mana, amma ta haƙura. Shi ma yawanci hannu biyu yake dawowa, ba ya ganin abin jifa.

Da ruwa ya sauka aka cire ta daga keji. Ta fara bin shi gona da igiya, daga baya ba igiya, tana hawa kunya tana sauka, cinyar na cikowa a hankali. Na lura da ranar da ta zauna ta naɗe ƙafar a ƙarƙashinta kamar kowane kare, na kira shi ya gani.

Da rani ya zagayo, dattijon da kansa ya yi sallama a zaure ranar wata Asabar, ya ce a tambayi uwargida ko a busa. Na ce a busa. Ƙahon na tashi, karyar ta fita a guje ta bar ni da igiya a hannu. Wunin ranar ban yi ɗinki ɗaya miƙaƙƙe ba, rigar wata baiwar Allah sai da na farke hannunta na sake.

Bayan la'asar na ji hayaniyarsu. Ban dubi fuskar kowa ba, ƙafafu na duba. Huɗu a ƙasa. Tana ɗan sassauta ta bayan don gajiya, amma tana takawa. Maigida na biye, hula a karkace, yana ba da labari tun daga bakin zaure: ba ita ta kama ba, matasan karnuka sun fi ta gudu yanzu, amma ita ta tayar da gyazbin daga inda duk suka wuce ba su ji ba, ita ta koro masa shi har inda idonsa ke kaiwa, ya jefa ya samu.

A al'adarsu mace ba ta da kaso a naman farauta, abin da mijinta ya shigo da shi shi ne nata. Shi ya sa da dattijon ya sake sallama ya ce ni yake nema, na ɗauka wani laifin na yi. Na fito na durƙusa. Ya miƙo mini cinya guda naɗe a ganye.

"Maigida ya riga ya shigo da namu, Baba."

"Wancan nasa ne," in ji shi. "A wurinmu duk wanda hannunsa ya shiga kamu yana da kaso. Mun zauna mun duba hannuwan da suka kama naman nan, mun ga naki a ciki."

Na sa hannu biyu na karɓa. Na yi godiya, na shige da ita ciki.