Yadda Na Raka Ɗan Yayana Tsakiyar Fili a Bowie

Laraba: Kaduna zuwa Abuja

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na bar gida a Tudun Wada, ko ladan bai gama gyaran murya ba. Jakata ɗaya ce, amma da direba ya ɗaga ta sai ya tambaye ni ko turmi zan kai wa Amurkawa. Kuka ce da daddawa da yaji, sai babbar riga guda.

Ga abin da ya tashe ni. Anti Binta, matar marigayi yayana Lawal, ma'aikaciyar jinya ce a can. Ɗansu Sadiq, mai shekara sha bakwai, zai buga wasansa na ƙarshe a sakandare, irin ƙwallon nan tasu ta hular kwano. A al'adarsu, ranar nan kowane ɗan wasa iyayensa ne ke rako shi tsakiyar fili, a kira sunansa a lasifika. Uban ya rasu shekara uku ke nan, sai yaron ya rubuta sunana a gurbinsa. Ni kuwa tun rasuwar, hirarmu a waya ba ta wuce in ce "Ya karatu?" ya amsa da kalma ɗaya ta Turanci. Na ɗauka Hausar ma ba ya ji.

Kilomita kusan ɗari da casa'in muka ci, shinge biyar. A na uku ɗan sanda ya leƙo ya ce, "Alhaji, ina zuwa?" Na ce, "Amurka, kallon ƙwallo." Ya ce in sauka lafiya, amma in rage ƙarya. Jirginmu ya tashi ɗaya da rabi na rana, muka sauya wani a Addis Ababa. Na zauna har sai da na manta ina da ƙafafu.

Alhamis: Dulles zuwa Bowie

Takwas da kwata na safe muka sauka a filin jirgin Dulles. Wani karen kwastan ya shinshini daddawata, ya ja da baya yana kallona kamar na zagi uwarsa. Aka buɗe, aka duba, aka sallame ni.

Anti Binta na wurin aiki, don haka ta turo Malam Isufu, ɗan Maraɗi mai tuƙin tasi. Ko titi ba mu hau ba ya gane ni ɗan ƙwallo ne, tsohon lamba uku na ƙungiyar unguwarmu.

"Alaji, shekara goma ina nan ƙasar, har yau ban gane mi suka yi ba," in ji shi. "Abu kamar gwanda, a rungume shi a ƙirji a ruga, a ce wai ƙwallon ƙahwa!"

Na ce, "Malam Isufu, yau na ga ɗan'uwa."

Sa'a ɗaya da minti goma muka yi. Bowie gari ne na gidaje masu ciyawa a gaba, ganyen itatuwa duk ya yi ja kamar an watsa musu manja. Sanyi kuwa, in ka yi magana sai ka ga maganar tana tafiya. Da yamma Anti Binta ta dawo, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Sani, wannan tumbin naka shi ma biza aka ba shi?" Na ce, "Kujera biyu ya ci, matar Yaya." Sai ga Sadiq ya shigo, ƙofar ma sai da ta matsa masa. Ya durƙusa ya gaishe ni da Turanci. Goshinsa na ubansa ne sak. Na yi ta zuba surutu don kada a ga idona.

Juma'a: Silver Spring

Bayan an tashi makaranta, Sadiq ya tuƙa ni zuwa Silver Spring, tafiyar minti talatin da biyar, wani gidan abinci inda mutanenmu ke haɗuwa. Tuwon shinkafa da miyar taushe dala goma sha takwas. Ban juya shi zuwa naira ba, don ina son in ci da daɗi.

Talabijin biyu ne a bango, ɗaya na nuna irin ƙwallonmu, ɗaya irin tasu. Malam Isufu na nan, da wani Mista Bitrus mutumin Jos. Da na ga na samu majalisa, sai na kwance buhu. Na ce wasan minti sittin ne a takarda, amma kana iya ɗora ganda ta nuna kafin a tashi. A ruga taku uku, a zube, a tashi a yi taron gaggawa kai da kai kamar za a raba gado. Alƙalai rututu, aikinsu jifa da hankici. Mista Bitrus ya ce, "Kuma su kaɗai suke bugawa, wanda ya ci su ce shi ne zakaran duniya!" Har mai abinci ta fito daga kicin tana dariya.

Malam Isufu ya tambayi Sadiq da Turanci ƙwallo nawa ya ci bana. Yaron ya ce shi aikinsa tare mutane ne, shekara huɗu bai taɓa riƙe ƙwallon a wasa ba.

Nan bakina ya riga hankalina. Na ce da Hausa, "Jama'a kun ji! Shekara huɗu yana ƙwallo bai taɓa ƙwallo ba. Yaya Lawal da ke yanke mutum biyar ya kwantar da gola, yau ɗansa ya zama katanga. Da yana raye da kunya ta sake kashe shi!"

Aka yi dariya. Sadiq ya ci gaba da cin tuwonsa.

A hanyar komawa Sadiq na tuƙi, muka wuce fitilun titi shida. A ta bakwai ya tsaya, hannunsa biyu a kan sitiyari, ya ce a hankali, da Hausa irin ta mai taka ƙanƙara, "Baffa, ina ji. Duka na ji."

Na taɓa faɗowa daga bishiyar mangwaro, na taɓa cin gidanmu da kaina a wasan ƙarshe. Duk ba su kai wannan ba.

Da muka isa, Anti Binta ta shiga ɗakinsa ta fito. Ba ta tsokane ni ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta ce, "Sani, ya ce gobe ni kaɗai zan raka shi."

Asabar: filin makaranta

Bakwai na safe na same shi a gareji yana shirya kaya. Na zauna a kan wata tsohuwar taya na ce, "Sadiq, tunda kana ji, to ka ji wannan. Abin da na faɗa a kan babanka ƙarya ce. Bakina ne ba shi da burki. Ka yafe mini. Ko ba za ka bari in raka ka ba, nuna mini aikin naka in gani."

Ya ajiye kayan. Sai ya ɗauko sulken kafaɗar da suke sawa ya zura mini a kan kaftani, ya kifa mini hular kwano, ya kai ni kan ciyawa. Ya nuna wata bishiya a bayansa ya ce ita ce mai jefa ƙwallo, in wuce shi in taɓa ta. Na ce a raina, ni da na tsare 'yan gaban Kaduna kaf? Na yi yankan hagu, na tarar da shi a can. Na yi dama, yana can. Ƙafafunsa na tafiya ƙanana-ƙanana kamar mai rawar kalangu. A karo na huɗu ya sa tafin hannu ya ɗan taɓa ni, sai ga ni ina ƙirga gizagizai.

Ya zauna kusa da ni yana dariya, ya haɗa Hausa da Turanci ya ba ni labari. Ashe Yaya Lawal ma wata guda ya yi yana yi wa wasan tsiya. Daga baya ba ya fashin ko ɗaya, yana tsaye jikin waya yana ihun "Satar gida!" ba tare da ya san dokar ba. Ya rasu kafin Sadiq ya shiga ƙungiyar manya.

"Bai ga na iya ba," in ji shi.

Na ce, "Ni na gani. Bayana ma ya gani."

Ya miƙo hannu ya ɗaga ni. "Baffa, ka sa babbar riga."

Ƙarfe ɗaya da rabi aka jera mu a bakin fili, masu ganguna da kakaki na ta yi. Babbar rigata a kan rigunan sanyi biyu, na koma kamar tantin biki. Mai lasifika ya kira sunan Sadiq, ya kira na uwarsa, ya zo kan nawa ya murɗe shi har ban gane kaina ba. Muka taka, ita a dama da furanni, ni a hagu. Taku arba'in ne, na ƙirga. Wajen na ashirin Sadiq ya sa ƙaton hannun nan a cikin nawa, sai na riƙe shi da kyau. Anti Binta ta ce ƙasa-ƙasa, "Sani, kuka kake?" Na ce, "Sanyi ne, matar Yaya." Ta ce, "Ni ma shi ne."

An ci su Sadiq. Ko da nawa, kada ku tambaye ni, lissafin nasu sai akanta. Ni dai lamba sittin da huɗu, wato Sadiq, na kalla har aka tashi, kuma ba wanda ya wuce shi sai sau ɗaya, shi ma na tabbata satar gida ce.

Dawowa

Talata Sadiq ya kai ni Dulles da kansa. A bakin layi ya ce in an yi hutu zai zo Kaduna, in nuna masa filin da babansa ya yi wasa. Na ce an gama.

Na shiga gida Laraba, biyar da minti ashirin na yamma. Washegari na je duba filin, na tarar shaguna sun cinye shi. Daidai inda ragar gabas take, wani mai faci ne ke zaune. Na yi masa bayani, ya ce ranar da yaron ya zo zai kwashe tayoyinsa mu tsaya yadda muke so.

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Malam Isufu da Anti Binta. Yaya Lawal, Allah Ya kai haske kabarinka. Na raka maka shi.