Hannun da Ke Buɗe Tukunyar Hajiya

Saura ƙiris in bar wannan labari a cikina. Mutanen da ke cikinsa duk suna nan da ransu. Ɗaya ludayin abincina na hannunta, ɗayan kuma shi ke ɗinka min kayan Sallah, kowa kuwa ya san abin da tela zai iya yi wa wandon wanda ya ɓata masa rai. Amma na ji 'yan benci suna ba da shi a karkace, na ce gara ku ji daga bakin mai laifin.

Ni dai Allah ya yi ni da ƙafar yawo. Na yi tuƙi, na yi gadi, na yi dako. Na ci garin rogo da soyayyen kifi a Abijan, na ci dambu a Yamai, a Jidda na ci shinkafa da rago har na fara jin kunyar raguna, a Libiya kuma na ci wani abu da har yau ban san sunansa ba. Da gwiwa ta fara yi min magana sai na dawo Maamobi, unguwarmu a Akra, inda aka binne cibiyata. Mutane suka laƙaba min Boga, abin da ake kiran wanda ya daɗe a waje ya dawo da jaka ɗaya da labari dubu.

Duk yawon nan ban ga wurin cin abinci da ya kai rumfar Hajiya mai wake ba. Rumfar kwano ce a bakin babbar kwata, benci uku, da teburi mai ɗingishi da aka tallafe da guntun katako. Wake da shinkafa take dafawa tare, da karan dafi da 'yar kanwa har su yi jawur, shi ne mutanen Akra suke kira waakye. A kai ta zuba taliya da gari da baƙin yajin shito, sannan ƙwai ko ganda ko soyayyen cukun wagashi, gwargwadon ƙarfinka. Mai sauri a ƙunsa masa a ganye, mai zama a zuba masa a kwano.

Wata safiya, ba da niyya ba, na zama mutum na farko da ya saya. A ranar kafin hantsi ya dubi ludayi an kankare tukunya. Washegari da na zo sai na tarar mutane shida a tsaye, tukunya a rufe, Hajiya ta naɗe hannu. Ta ce musu hannuna na da albarka, daga yau ba ta tsoma ludayi sai na buɗe mata kasuwa.

Haka na samu muƙami ba tare da na nema ba. Dokarsa mai sauƙi ce: ka miƙa kuɗi da hannun dama, ba neman canji, ba ƙorafi, ka yi bismillah a bayyane. Ladansa kuwa ludayin farko, ƙwai ɗaya kyauta, ganda mafi laushi, da ƙarshen benci wajen bango inda rana ba ta kaiwa. Wurin nan ko limamin unguwa ya zo ba ya zama.

Shekaru na yi a kan wannan aiki, kuma zan faɗi gaskiya, na riƙe shi kamar sarauta. In an idar da sallar asuba sai in tsaya bakin masallaci in gaisa da kowa har da tambayar awaki. In tafi gida in sake hula. Da farko ta gajeriyar hanya nake bi, daga baya na gano mai muƙami ba ya sauri, na fara zagayawa ta bayan masu niƙa. In na ɓullo sai in hango layi: makanikai, mata 'yan kayayo da kwanonin dakonsu za su Kasuwar Malam Atta, wata malamar asibiti da farin kaya tana duba agogo, masu jiran motar haya ta torotoro. Wani magini mai murya kamar injin haɗa siminti shi ne shugaban masu ƙorafi. Ranar da na makara sosai har tagar ɗakina yake zuwa ya buga, yana kira da irin Hausarsa ta Akra.

"Boga, cale, abokina, ka fito mana. Hajiya ya ƙi buɗe tukunya, yunwa na kashe mutane!"

Matata takan ce tun da take ba ta taɓa ganin mutumin da ake roƙo ya je ya ci abinci ba, alhali a gida kokon da ta dama yana hucewa ba wanda ya roƙe shi.

Ana nan sai aka haifa wa yayana jika a Tamale, suna ya kama dole in je, kwana huɗu. Da na gaya wa Hajiya sai ta ce to, in zaɓo wanda zai riƙe min, tun da na fi kowa sanin hannun mutane.

Nan ne shaiɗan ya zauna kusa da ni a benci. Na yi tunani: in na ba mai sa'a, kasuwa ta ci gaba yadda take, wa zai tuna da ni? Gara a ɗan ji rashina. Ba wai ina so Hajiya ta yi asara ba ne, a'a, ɗan ragowa kawai a gindin tukunya, na kwana huɗu, don a san darajar hannu.

Sai na tuna da tela. Abokina ne tun muna satar mangwaro a Alajo, mutumin kirki ƙwarai, amma duk unguwa an shaida sa'a ba ta san gidansu ba. Ya yi kiwon kaji, ana saura mako guda Sallah suka kwanta gaba ɗaya. Ya sayi tasi, ta fi daɗewa a kan duwatsu fiye da a kan titi. In ya shanya kaya hadari ya taso. 'Yan kallon ƙwallo har roƙonsa suke ya goyi bayan abokan karawarsu.

Da na faɗi sunansa, Hajiya ta dube ni ta daɗe, ludayi a hannu.

"Tela?"

"Tela, Hajiya."

"To. Allah ya kiyaye hanya."

Shi kuwa da na je shagonsa na gaya masa, sai ya ɗaga ƙafa daga kan keke ya tambaye ni ko na tabbata. Na ce na duba unguwar nan kaf ban ga wanda ya fi shi dacewa ba. A wannan ban yi ƙarya ba.

Safiyar farko a Tamale na kira matata, wai in ji lafiyar gida. Muka yi zancen ruwa, muka yi zancen wutar lantarki, sannan na ce, af, yaya Hajiya? Ta ce ai ita ma ta je saye da ƙarfe tara ta tarar ana wanke tukunya. Na ce ranar farko ce, sauran albarkata ce ba ta gama sakin rumfar ba.

Rana ta biyu ta ce takwas da rabi aka kankare. Rana ta uku ban ma tambaya ba, ita ta kira ni. Na ji a muryarta tana jin daɗin labarin fiye da kima. Hajiya ta ƙara tukunya ta biyu, wasu ma'aikata daga Kokomlemle sun fara tsayawa da mota, tela kuma ya ɗinka wa kansa sabuwar hula.

Ranar suna aka ajiye min tuwon zafi da miyar ayoyo da naman zabo, irin wanda ake tafiya takanas a ci. Loma uku na yi na wanke hannu. Yayana ya ɗauka zazzaɓi ne, har ya sa a nemo min magani.

Na dawo, washegari na fita ta gajeriyar hanya, karo na farko cikin shekaru. Duk da haka na tarar layi na tafiya, ganye na tashi daga hannu zuwa hannu, malamar asibiti har ta karɓi nata tana dariya. A ƙarshen benci wajen bango ga tela, da sabuwar hula, da ƙwaina a kwanonsa.

Yana ganina ya miƙe ya kama hannuna da hannu biyu. Na zaci zolaya zai yi, yadda muka saba, na shirya amsa. Sai na ga idonsa ya ciko.

"Boga, Allah ya saka. Tun da nake ba wanda ya taɓa cewa hannuna zai buɗe ko kwalbar lemo. Kai ka ce."

Ya ce mata biyu sun kawo masa ɗinkin biki jiya, wai suna son hannun da ya buɗe tukunya. Ya ce matarsa ta daina ɓoye masa makullin kanti. Sannan ya share bencin da gefen rigarsa ya ce ga wurina, amana ce, ya mayar.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ko lokacin da 'yan sandan wata iyaka suka zazzage jakata a gaban mata. Magini ya ce shi dai bai yarda ba, a bar tela. Wata 'yar kayayo ta ce kwana huɗun nan ne kawai ta isa kasuwa kafin motocin doya. Kowa ya juya ga Hajiya. Ita kuwa ko ɗago kai ba ta yi ba, ta zuba min nawa ta ce in ci tukuna, ba a shari'a da yunwa.

Da mutane suka ragu sai ta kira ni bayan rumfa inda take wanke ludaya. Ta tambaye ni ko na san waye yake buɗe mata tukunya lokacin da nake Libiya. Na ce a'a. Ta ce ba kowa, kuma wake na ƙarewa. Ta ce abincin nan in an sauke shi yana son a bar shi a rufe ya ɗan huta, ruwansa ya tsane, in ba haka ba sai ya caɓe.

"In na ce wa mayunwatan nan su jira shinkafa, ni za su zaga. In na ce su jira Boga, kai za su zaga. Kai kuma na ga zagi ba ya kama ka."

Ta ce da farko lissafin ya yi daidai, gaisuwata a bakin masallaci ita ce hutun tukunya. Sai na fara sake hula, na fara bin bayan masu niƙa, masu sauri suka riƙa sulalewa wajen mai koko. Tela kuwa tsoron kada ya ɓata mata kasuwa ya sa yake zuwa kan lokaci, ya tsaya shiru har ta ɗaga masa gira.

Na ce ashe dai ba sa'a ba ce. Ta ce sa'a ta Allah ce, amma agogo ma na taimakawa. Sannan ta sa ludayi cikin ruwa, ba ta kalle ni ba, ta ce ta san abin da ya sa na zaɓi tela, tun ranar ta gani a fuskata, kuma ba za ta faɗa wa kowa ba.

"Ni ba na korar wanda ya tsufa a bencina. In kana so, gobe ka zo ka buɗe. Kai da zuciyarka."

Wannan ya fi zagi ciwo. Da ta tsige ni, da na samu abin yin fushi a kai, in zagaya unguwa ina cewa ba a san mutunci ba.

Washegari na zo da wuri, na tarar layi ya fara haɗuwa, ga tela ya tsaya gefe yana jiran in miƙa hannu. Na wuce shi na tsaya bayan 'yar kayayon nan. Na ce masa hannuna ya gaji, shekaru yana ɗaukar nauyin unguwa, likitan Tamale ya ce in hutar da shi. Magini ya ce Allah ya ƙara wa likitan ilimi. Tela ya dube ni, ya dubi Hajiya, ta ɗaga masa gira, ya yi bismillah.

Yanzu a layi nake. Ƙwai da kuɗina nake saye, ganda kuma abin da ludayi ya kamo. Ina zama a tsakiyar benci inda rana ke dukan ƙeya. Amma na gano layi ma na da daɗinsa, nan ne labarin unguwa yake fara sauka, kuma in tela ya makara da minti ɗaya muryata ta fi ta magini.

Abu ɗaya ya ci gaba da cina, godiyar nan da yake min duk sanda muka haɗu. Bayan 'yan watanni na je shagonsa na zauna kan buhun ƙyallaye na gaya masa komai, tun daga kajin. Bai tsayar da keke ba. Ya kai ƙarshen ɗinkin, ya gatsa zare da haƙori, ya ce in miƙo masa almakashi. Na miƙa. Muka yi zancen tsadar yadi, na tashi na tafi. Wandona na Sallah ya fito daidai, na auna shi sau biyu.

Makon jiya ne yana cikin cin ƙwansa ya kira ni, a gaban Hajiya da magini da duk 'yan layi. Ya ce zai je Kumasi sayen yadi, kwana uku, ana buƙatar wanda zai riƙe masa. Ya gyara hula, fuskarsa ba alamar dariya.

"Boga, na duba unguwar nan kaf ban ga wanda ya fi ka dacewa ba. Za ka riƙe min?"