Onarabul Zai Tafi Makka, Yana Neman Mu Yafe

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Sale, wanzamin Wagini. Har yau in aka kaɗa gangar siyasa sai in ji kamar zai leƙo daga rumfarsa ya saki maganar da za ta sa mutane riƙe ciki.

Yaya Sale ta ƙeya yake sanin mutum. Yakan ce ɗan takara tun ba a ce ya sunkuya ba ya sunkuya, amma ranar da ya ci zaɓe sai wanzami ya nemo turmi ya taka kafin ya kai ga kansa. Kowa ya yi dariya, har da kansilanmu na lokacin, wanda muke kira Onarabul. Ashe tasa dariyar a haƙori ta tsaya.

Ranar da 'yan bindiga suka harbi Yaya a gonar wake, da ransa muka ɗauko shi. Mota ɗaya ce a garin, a-kori-kurar Onarabul, an wanke ta an liƙa mata hotuna za a tafi taron jam'iyya. Na durƙusa masa na roƙe shi a kai Yaya asibitin Batsari. Ya dubi jinin da ke rigata, ya dubi motarsa, ya ce, "Ku nemo masa turmi ya hau mana." A kan babur muka sa Yaya, tsakanina da mai tuƙi. Bai kai Batsari ba, a ƙirjina ya cika.

Nakan so in ji me zai ce da zamanin nan, da waɗanda suka kwashe iyalansu zuwa Katsina suke leƙo mu ranar kasuwa suna yi mana wa'azin haƙuri. Na san zai ce haƙurin abin da ba sa amfani da shi ne, shi ya sa suke rabawa kyauta.

Bana Onarabul ya samu kujerar Makka, yana bin gida-gida neman gafara kamar yadda maniyyata ke yi. Ya zo namu da mai ɗaukar masa hoto a waya. Ya tsuguna gaban mahaifiyarmu ya ce, "Inna, zan tafi ɗakin Allah. Abin da ya wuce a yafe mani."

Inna ba ta ɗago daga tsintar wakenta ba. Ta ce, "Allah shi kai ka lafiya. Amma ba ni ka hana ma mota ba. Mai haƙƙin na nan kwance bayan gari. Tafi ka tambaye shi, in ya amsa ka dawo ka gaya mani."

Liman ya yi mini nasiha cewa yafiya ta fi lada, kuma na san gaskiya ya faɗa. Zuciyata ce ba ta kai can ba, ba kuma zan yi ƙaryar ta kai ba. Askar Yaya ta yi tsatsa a zabira, amma ranar na gane harshensa yana nan a bakin Inna. Addu'ata Allah ya ba Onarabul tsawon rai da ƙarfin tunani, kada ya manta. Sauran maganar mun ɗage ta sai ranar da Yaya zai tashi ya amsa masa da bakinsa.