Baba Callistus da Layin Atamfa

Haihuwa da Tasowa

An haifi Callistus Ezeani a Nsukka cikin shekarar 1949, ɗa ga Sylvanus kafinta da Charity mai sayar da manja. Karatunsa bai wuce firamare ba. A 1971 ya iso Kaduna ya zama yaron shago a Layin Atamfa, dogon titin nan na Kakuri da ma'aikatan masaƙu ke cikawa duk ƙarshen wata har ba masaka tsinke.

Sana'a da Aure

A 1978 ubangidansa ya sallame shi da jari bisa al'adar 'yan kasuwar Ibo, kuma a 1980 ya auri Ifeoma, wadda takan ce layin ya riga ta shiga zuciyarsa.

Durƙushewar Layin

Da masaƙu suka rufe a farkon shekarun 2000, shaguna suka bi su ɗaya bayan ɗaya, awaki suka gaji barandu. Abokansa suka koma Sabon Tasha, 'ya'yansa suka matsa masa ya bi su, amma ya kafe, domin ya tabbata ranar da ya ɗaga, layin ya mutu ke nan.

Farfaɗowa

A wajen sa'o'insa, yaro kan buɗe shagonsa nesa da ubangida don gudun kasayya. Baba Callistus ya juya wa wannan baya: tun daga 2004, duk yaron da ya sallama, Ibo ko Bajju ko Bahaushen Tudun Wada, sai ya kama masa kangon da ke kusa da nasa, ya zuba masa atamfa irin tasa. Aka ce ya haƙa wa kansa rami, cinikinsa kuwa ya ragu matuƙa. Amsarsa ɗaya ce: "Mai saye ba shago yake zuwa ba, layi yake zuwa." Kafin 2015 teloli da masu abinci da 'yan keke sun dawo.

Rasuwa

Ya rasu a watan Yunin 2022 bayan gajeruwar jinya. 'Yan kasuwar sun saba rufe shaguna ranar jana'izar babba, amma ya bar wasiyya cewa kada a rufe ko ɗaya. Haka akwatin gawarsa ya ratsa layin daga farko har ƙarshe, kowa tsaye a ƙofar shagonsa a buɗe yana hawaye, kafin a wuce da shi Nsukka inda aka binne shi.

Ya bar matarsa da 'ya'ya uku: Obiora, Vivian, da Oluchi, wadda ke buɗe shagon kowace safiya.