Zaren Ja da Zaren Kore: Ta'aziyyar Jikana Jamilu

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Sha'aban, da hantsi, aka zo mini da labarin rasuwar jikana Jamilu. Mota ce ta buge shi a kan babur, a hanyarsa ta dawowa daga Bici. Shekararsa ashirin da bakwai.

Jamilu, angona, ka yi mini rashin kunya. Mun yi da kai cewa kai za ka binne ni, ka gaji tsohon akwatina. Sai ga ni da ɗan karatuna na yaƙi da jahilci ina rubuta ta'aziyyarka.

Kai ka kawo mana sola da intanet gidan nan. Da labarin ɓarayin shanu ya yi yawa, ka kafa kyamara a jikin darbejiya tana kallon turke da tsakar gida, don babanka ya riƙa gani a wayarsa ko yana kasuwa. Rannan da azahar ina sheƙar gero, sai na ga kan kyamarar ya juyo ya bi ni. Na matsa gindin rumbu, ya sake bi na. Babanka yana masallaci, wayarsa kuwa tana ɗaki.

Da na faɗa maka ba ka yi dariya ba, kai da kome nawa abin dariya ne. Ka duba ka ce, "Iya, wani ne daga waje yake leƙo mu." Ko waye, har yau ba mu sani ba. Amma ya ga shanunmu goma sha ɗaya, ya ga ƙofar baya, ya san lokacin da maza ke tafiya gona.

Washegari ka dawo da wata tsohuwar kwamfuta da aka jefar. Na ce, "Wannan ai sa'ata ce, ita ma tari take yi." Ka ce, "Shi ya sa a ɗakinki za ta zauna, ku riƙa hira." Ka yini kana haɗa ta, ka ce ta zama mai gadin zaure: duk abin da zai shigo daga waje sai ya bi ta kanta, wanda ba ta sani ba ta mayar da shi. Wayar intanet da ke shigowa daga waje ka ɗaura mata jan zare ka soka a ramin sama na kwamfutar, ta gida kore a na ƙasa. Ka sa na cire na mayar har sau biyar, ina zaginka. Tun ranar kyamarar ba ta sake bin kowa ba.

Ranar sadakar ukunka gida ya cika, kowa yana neman wurin cajin waya. Aka zare kwamfutar aka jona wayoyi. Da intanet ya ɗauke, kawunka Badaru ya haɗa wayar waje da ta gida kai tsaye, yana cewa ga shi ya gyara. Ban sani ba sai da la'asar, ina zaune cikin mata, na ɗaga kai na ga kyamarar tana juyawa a hankali daga turke zuwa ƙofar baya.

Na kira sunanka da ƙarfi kafin na tuna. Mata suka ɗauka kuka ne, suka riƙe ni. Na fizge na shiga ɗaki na watsar da cajar mutane. Badaru ya ce, "Iya, za ki lalata." Na ce, "Matsa, mijina ya koya mini." Na jona kwamfutar, na mayar da ja ramin sama, kore na ƙasa. Ta yi tarinta, ta daɗe, sannan 'yar fitilar ta kama. Kyamarar ta tsaya.

Amma tsoro bai bar ni ba. Ban san abin da aka gani a yinin nan ba, tarin kwamfutar kuma yana ƙaruwa, kuma ba wanda ya san cikinta sai kai. Babanka ya mayar da shanu gidan ƙanensa. Na jawo tabarmata na tare soket ɗin, mai neman caji ya tafi shago.

Allah ya jiƙanka, Jamilu, ya yafe kurakuranka, ya haskaka kabarinka. Allah ya ba babanka Malam Abdussalam da mahaifiyarka da matarka Maryam haƙuri. Yadda ka tsare mana ƙofa, Allah ya tsare ka daga azaba, ya buɗe maka ta Aljanna. Ta nan gidan, ina zaune a bakinta har ka aiko a kira ni.

Kakarka, Iya Asiya