Gurbin da Ya Falmata ta ce a bari a tukunyar gas

Shekara shida ke nan da rasuwar yayata, Ya Falmata, malamar kemistiri a wata sakandaren 'yan mata a nan Maiduguri. Kafin saɓaninta da Modu, abin da na ɗauka shi ne ilmin aji a takardar jarrabawa yake ƙarewa. Ni ma kemistirin na karanta a jami'a, amma aikin ofis a GRA ya ɗauke ni, kuma ban taɓa ganin zanen da ke cikin littafi ya sa mutum ya sauya yadda yake neman abincinsa ba.

Akwai zanen da ta fi son koyarwa. Zafi a layin kwance, matsi a layin tsaye, sai filaye uku: inda abu yake daskararre, inda yake ruwa, inda yake iska. A kan iyakar ruwa da iska, abu ɗaya yana zama duka biyun lokaci guda. Takan ce wa ɗalibanta kada su nemi misali a nesa, yana kicin ɗin gidansu. Gas ɗin girki ruwa ne a cikin tukunyarsa, matsi ne ya mayar da shi haka, kuma a samansa akwai gurbi. In rana ta yi zafi ruwan yakan kumbura ya shiga gurbin. In an cika tukunya har wuya, ba shi da wurin zuwa sai ya tura ƙarfen.

Modu ɗan baffanmu ne. Ya buɗe shagon ɗura gas a unguwar Ajilari, jikin katangar gidanta, daidai ɗakin 'ya'yanta. A lokacin mutanenmu sababbi ne a harkar gas, kuma sun zo mata da ɗabi'ar mai sayen gero, wanda yake son mudu ya yi tozo. Mutum zai ɗaga tukunya ya girgiza. In ya ji motsi a ciki, sai ya ce ko dai ba ta cika ba, ko an zuba masa ruwa. Don haka Modu yakan ɗura har motsin ya ɗauke, sannan ya jera tukwanen a rana su jira masu su.

A gabana ta same shi a ƙofar shagon. Bayan gaisuwa ta ce, "Modu, wannan motsin da kake kashewa, shi ne ke riƙe da katangata."

Ya yi dariya ya ce, "Ya Falmata, ni ba 'yar ajinki ba ce. In na bar motsi, gobe duk Ajilari a ce Modu ruwa yake sayarwa."

"To ka yi rumfa, ka sa sikeli, ko ka matsa daga jikin ɗakin yara."

"In matsa ina?" Ya juyo gare ni ya ce, "Bukar, kai ma ka yi boko, gaya wa malama ƙarfe ne wannan, ba leda ba."

Na gaya masa maganarta daidai ce. Ya ji ni kamar yadda ake jin ɗan'uwan da bai taɓa tsayawa a shago ba. Shi ma yana da hujjarsa: mai shagon da ke gaba yana cikawa har wuya, kuma masu saye can za su koma. Ya Falmata ta kwashe yaran zuwa ɗakinta, suka cunkushe a can. Tsakaninta da Modu kuwa magana ta tsaya a kan gaisuwa kawai, wushe da lafiya, har ciwon da ya zama ajalinta ya kwantar da ita.

Babu tukunyar da ta fashe a shagon. Ina faɗin wannan ne domin shi ya fi damuna. Zanen bai yi alkawarin ranar da abu zai faru ba, iyaka kawai ya nuna, kuma mutum zai iya shekaru yana tsaye a bakinta lafiya lau. Na sha tambayar kaina ko ta tsananta, ko zumuncin da ya yi sanyi ya cancanci haɗarin da bai zo ba. Lissafin da na koya yana ce mini ba ta tsananta ba. Zuciyata ba koyaushe take saurin yarda ba.

Yau daga Mafoni zuwa Ajilari da wuya ka wuce layi ba ka ga shagon gas ba, wasu a gefen mai shayi da wutarsa. Sikeli ya yawaita, amma har yanzu ina ganin mutum ya sauko daga keke yana girgiza tukunya a kunnensa. Da tana raye, ban tsammanin za ta yi mamaki. Za ta tsayar da shi ta tambaye shi me yake saurare.

Ba ta bar littafi ba, ba a sa wa wani aji sunanta ba. Ɗalibanta sun watsu, kuma ban san nawa ne cikinsu ke tuna filayen nan uku ba. Abin da na sani kaɗan ne. Bayan sadakar arba'in ɗinta, ba tare da ya shawarci kowa ba, Modu ya kwashe shagon zuwa wani fili a bakin unguwa, ya yi masa rumfa. Yaran suka koma ɗakinsu.